Shaidu Uku a Kan Lamba Ɗaya: Rayuwar Abu Raihan Albiruni

A cikin littafin Al-Asarul Baƙiya, wanda Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Albiruni ya wallafa wajen shekarar 1000 Miladiyya yana ɗan shekara ashirin da bakwai, akwai wata lamba mai alƙaluma ashirin: 18,446,744,073,709,551,615. Littafin na nazarin kalandun al'ummomi ne, lambar kuwa misali ce kawai aka kawo a tsakiyar wani bayani. Sai dai marubucin ya rubuta ta ta hanyoyi uku mabambanta, ya kuma bayyana dalilinsa, wato idan shakka ta shiga game da wani harafi ko wani alƙalami a ɗaya daga cikin hanyoyin, sauran biyun su tsaya mata shaida. Duk manazarcin da ya taɓa zama gaban kwafe biyu na tsohuwar waƙar ajami, ya tarar ramzin kowanne yana ba da shekara daban, ya san ciwon da ake nema wa magani a nan. Rayuwar Albiruni kusan dukkanta a kan wannan damuwa ta tafi: yadda za a samo adadi na gaskiya, da yadda za a tsare shi har ya isa hannun masu zuwa bai gurɓata ba.

Daga Kath zuwa Jurjan

An haifi Albiruni a watan Zulhajji na shekarar 362 Hijiriyya, daidai da Satumba 973, a yankin birnin Kath na ƙasar Khawarizm, a bakin kogin Jaihun wanda a yau ake kira Amu Darya, kudu da Tekun Aral. Wurin yana cikin Uzbekistan ta yanzu, kuma garin da ke nan yana ɗauke da sunansa. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, shi ya sa ake fassara laƙabinsa da mutumin bayan gari. Ya yi sa'ar malami tun yana yaro, domin Abu Nasar Mansur ɗan Iraƙ, ɗan gidan sarautar Kath kuma gwani a lissafi da ilimin falaki, shi ya ɗauki nauyin karatunsa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya auna tsayin rana da tsakar rana, ya fitar da nisan Kath daga tsakiyar duniya.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. A shekarar 995 Ma'amun ɗan Muhammad, mai mulkin Gurganj a ɗaya gefen kogin, ya ci Kath da yaƙi, aka kashe sarkinta, gidan da ya reni Albiruni ya faɗi. Saurayin ya bar kayan awonsa ya gudu. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci, har ya ba da labari daga baya cewa wani mai duban taurari ya raina ra'ayinsa a kan wata mas'ala saboda ganin hannunsa babu komai, sa'an nan ya sake fuska da hali ya gyaru. A Rayyu ɗin ne ya san Alkhujandi da ƙaton ma'aunin da ya gina don auna karkatar hanyar rana. Abin da ya ja hankalin Albiruni a wannan gini shi ne aibinsa: ƙofar da hasken rana ke shiga ta cikinta ta ɗan nitsa saboda nauyin ginin, sakamakon awon ya kauce. Girman ma'auni bai hana shi kuskure ba.

A watan Mayu na 997 yana Kath kuma. Ya shirya da Abul Wafa Albuzjani, wanda ke Bagadaza, cewa kowannensu zai lura da husufin wata guda a garinsa ya rubuta lokacin. Da aka gwama, sai aka sami bambancin kusan sa'a ɗaya, daga nan aka fitar da tazarar gabas da yamma tsakanin biranen biyu. A wannan tsakanin ne kuma ya yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, wanda ya girme wa da 'yan shekaru, yana yi masa tambayoyi masu tsauri a kan koyarwar Aristotal game da sammai da ɗabi'ar abubuwa. Daga nan ya koma fadar Ƙabus ɗan Wushmagir a Jurjan, kudu maso gabashin Tekun Kaspiyan, kuma wannan sarki ya sadaukar wa Al-Asarul Baƙiya.

Lambar gidajen shaɗaranji

Matsalar da littafin ya tunkara ita ce kowace al'umma da irin shekararta. Ta Musulmi ta wata ce, kwana 354 da 'yan kai. Ta Farisawa kwana 365 ce cif. Rumawa suna ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu, Yahudawa kuma suna cusa wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara goma sha tara. Kowacce kuma da mafarin da take ƙirgawa daga gare shi. Abu ɗaya da duk suka yi tarayya a kansa shi ne yini. Saboda haka wanda yake son juya kwanan wata daga wannan kalanda zuwa waccan dole ya mayar da komai kwanaki, kuma adadin kwanakin ba ƙanana ba ne. Tsakanin mafarin tarihin da ake jingina wa Iskandar da Hijira kaɗai akwai fiye da kwana 340,000. Albiruni ya tsara jadawali mai nuna irin wannan tazara tsakanin kowane tarihi da ɗan'uwansa. Ya san cewa alƙalami ɗaya ya sauya a gidan dubbai, an tura wani sarki ko wani annabi shekaru daga muhallinsa, kuma mai karatu ba shi da yadda zai gane. Don ya koya wa mai karatu yadda zai karanta jadawalin, sai ya ɗauko lambar da masu lissafi na zamaninsa suka riga suka sani, wato ta gidajen shaɗaranji.

Shaɗaranji wasa ne irin na dara da ya fito daga Indiya ya ratsa Farisa ya shiga ƙasashen Musulmi, har an rubuta wani nau'insa a Borno da sunan tsatsarandi. Allonsa yana da gida takwas a tsaye, takwas a kwance, jimla 64. Tambayar ita ce: idan aka sa ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na 64, ƙwaya nawa ke nan gaba ɗaya? Al'uƙlidisi ya taɓo wannan ninki a littafinsa na lissafin Indiya da ya rubuta a Dimashƙa wajen 952. Hikayar da aka fi sani, ta mai ƙirƙiro wasan da ya roƙi sarki ladan ƙwayoyin alkama bisa wannan tsari, sarki ya raina roƙon, daga baya ma'aikatan baitulmali suka gano cewa rumbunan duniya ba za su biya ba, Ibnu Khallikan ya kawo ta a ƙarni na 13, bayan Albiruni da fiye da shekara ɗari biyu. Shi Albiruni hanyar fitar da amsar ce ta dame shi.

Mai bin hanyar kai tsaye zai ninka sau 63, sa'an nan ya tara lambobi 64, kuma a kowane mataki kuskure na iya shiga ya bi sauran aikin har ƙarshe. Albiruni ya kafa ƙa'idoji biyu. Ta farko, idan aka buga abin da ke cikin wani gida sau kansa, sakamakon yana faɗawa ne a gidan da nisansa daga wannan gida ya yi daidai da nisan wannan gida daga na farko. Gida na biyar yana da 16, kuma taku huɗu ne daga na farko; 16 sau 16 ya ba da 256, wanda ke gida na tara. Haka 256 sau kansa ya ba da 65,536 a gida na 17. Wannan sau kansa ya ba da 4,294,967,296 a gida na 33. Wannan kuma sau kansa ya ba da abin da zai kasance a gida na 65, da a ce allon yana da shi. Ƙa'ida ta biyu, abin da ke cikin kowane gida, in an cire ɗaya, shi ne jimlar duk gidajen da suka gabace shi: 1 da 2 da 4 da 8 sun tashi 15, wato 16 ba ɗaya. Saboda haka a cire ɗaya daga abin da ke gida na 65, an sami jimlar allon duka. Bugu huɗu da ragi ɗaya sun maye gurbin aikin yini guda, kuma wuraren da kuskure zai iya ɓuya sun koma biyar.

Sa'an nan ya rubuta amsar. Da alƙaluman Indiya ita ce lambar da aka ambata a farko. Da tsarin sittin-sittin na masana falaki, inda kowane gurbi ya ninka na bayansa sau sittin maimakon sau goma, ta zama gurbi goma sha ɗaya: 30, 30, 27, 9, 5, 3, 50, 40, 31, 0, 15. Ta uku kuma da haruffan abjadi. Hikimar tana bayyana idan aka gwada ɓata ɗaya. A ce mai kwafa ya mayar da 5 na ƙarshe ya zama 6. To dole gurbin ƙarshe na tsarin sittin ya zama 16, amma ga shi a rubuce 15, nan take an kama ɓarnar. Kuskuren da hannu ke yi a wannan tsari ba irin wanda yake yi a wancan ba ne. A alƙaluman Indiya yadda Larabawan gabas ke rubuta su, biyu da uku haƙori ɗaya ya raba su, bakwai da takwas kuwa juyin juna ne. A abjadi, jim mai daraja 3 da ha mai daraja 8 ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Da wuya gajiyar mai kwafa ta faɗa wuri ɗaya a duka ukun, ta kuma ba da ƙarya mai jituwa.

Bai bar lambar a matsayin jerin alƙaluma kurum ba. Ya yi ta tattara ta rukuni cikin rukuni, ƙanana suna shiga manya, har ta tashi duwatsu 2,305, don hankali ya sami abin kamawa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda fataken ƙasar Hausa suke ƙirga wuri, inda dubu ashirin ke zama keso guda, a daina ambaton ƙwaya a koma ambaton keso. Da harshen yau ana iya cewa lambar ta haura biliyan sau biliyan har goma sha takwas, kuma mai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙar agogo, ba dare ba rana, zai buƙaci fiye da shekara biliyan 584. Gida na 64 shi kaɗai yana ɗauke da 9,223,372,036,854,775,808, wato ya fi jimlar sauran gidaje 63 da ƙwaya ɗaya tak.

Abin da ke cikin cikinta

Akwai wasu siffofin lambar da sai bayan ƙarnoni aka gama tone su, kuma abin sha'awa shi ne matakalar da Albiruni ya hau ita ce mabuɗinsu. Lambar mara ce, ba cika ba. Tana ƙarewa da 5, don haka biyar na raba ta. Alƙalumanta in an tara sun tashi 87, wanda uku ke rabawa amma tara ba ta rabawa, don haka ita ma haka take. Wannan ya dace da 15 da ke ƙarshen rubutunta na sittin-sittin. Amma rabe-rabenta na asali suna fitowa ne daga wata ƙa'ida mai sauƙi: duk lambar da aka buga sau kanta aka cire ɗaya, daidai take da ta ƙasa da ita sau ta sama da ita. Alal misali, 16 sau 16 ba ɗaya 255 ne, shi ne kuma 15 sau 17.

Idan aka bi matakalar daga sama zuwa ƙasa da wannan ƙa'ida, lambar shaɗaranji ta rabu gida biyu, 4,294,967,297 sau 4,294,967,295. Ta biyun ta sake rabuwa, 65,537 sau 65,535. Ita 65,535 ta ba da 257 sau 255, sai 255 ta ba da 17 sau 15, sai 15 ta ba da 5 sau 3. Ke nan kowane mataki na Albiruni, in an ƙara masa ɗaya, yana cikin masu raba jimlar: 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297, tare da 3 da 5 a gindi. Biyar na farko, daga 3 zuwa 65,537, lambobi ne gagara-rabo, wato waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. A shekarar 1640 Bafaranshe Pierre de Fermat ya bayyana zatonsa cewa duk lambobin wannan jeri haka suke har abada. Zaton ya tsaya shekara casa'in da biyu, sai Leonhard Euler ya nuna a 1732 cewa ta shidan ta fashe, domin 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. Har yau ba a sake samun gagara-rabo a jerin ba bayan 65,537. Saboda haka lambar shaɗaranji ginin tubali bakwai ce, babu wanda ya maimaitu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417, kuma lambobi 128 ne ke raba ta ba saura.

Akwai wata mahaɗa kuma da aikin Albiruni na baya. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da mastara da kamfas kaɗai, daga baya aka tabbatar cewa siffa mai gefe mara tana zanuwa ta wannan hanya ne kawai idan adadin gefenta ya ginu daga gagara-rabon jerin Fermat, ba tare da maimaita ko ɗaya ba. Mafi girman irin wannan adadi da aka sani shi ne 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537, wato 4,294,967,295, wanda shi ne jimlar ƙwayoyin rabin allon shaɗaranji na farko. Tara kuwa uku sau uku ce, an maimaita, don haka siffa mai gefe tara ba ta zanuwa. Albiruni ya yi karo da wannan siffa sa'ad da yake gina jadawalinsa na awon kusurwoyi, ya ga mastara da kamfas ba su kai shi ba, ya mayar da matsalar lissafin da ya ƙunshi bugun lamba sau kanta har uku, ya fitar da amsa ta kusantawa. Dalilin da ya toshe masa waccan hanya yana kwance cikin lambar da ya rubuta tun yana saurayi. A yau kuma wannan lamba ita ce mafi girma da kwamfuta mai gurbi 64 take iya riƙewa a zubi ɗaya, domin a tsarin sifiri da ɗaya ana rubuta ta da ɗaya sau 64 a jere.

Gazna da Indiya

Wajen 1004 Albiruni ya koma Khawarizm, wannan karon Gurganj, fadar gidan da ya rusa Kath. Ya zama na kusa da sarki Abul Abbas Ma'amun, yana ba shi shawara har a sha'anin siyasa. A 1017 sojoji suka yi tawaye suka kashe sarkin, Sultan Mahmud na Gazna, wanda surukinsa ne, ya sami hujjar mamaye ƙasar. Aka tafi da Albiruni da malaminsa Abu Nasar zuwa Gazna, cikin Afganistan ta yau, tafiyar da ba ta zaɓinsu ba ce. Shekara guda bayan haka yana wani ƙauye kusa da Kabul, ba kayan aiki, cikin ƙunci, sai ya zana ma'auni a bayan allon lissafi ya rataya masa igiya mai nauyi, ya auna tsayin rana ya fitar da matsayin wurin.

Hare-haren Mahmud a kan Indiya su suka buɗe masa ƙofar Punjab da kwarin Sindh. A ganuwar Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya gwada wata dabara ta auna girman duniya. Masanan Halifa Ma'amun sun yi irin wannan awo wajen 830 ta hanyar taka hamada, amma ruwayoyin sakamakonsu sun zo da adadi biyu, mil 56 da kuma mil 56 da sulusi biyu ga kowane digiri, kuma wannan saɓani ya daɗe yana cin ran Albiruni. Shi sai ya auna tsayin wani dutse, ya hau kansa, ya auna yadda gefen sama ya sunkuya ƙasa da daidaiton ido, ya sami daƙiƙa 34, ɗan abin da ya haura rabin digiri. Daga waɗannan biyu ya fitar da nisan doron ƙasa daga cibiyarta. Sakamakon ya zo kusa da na magabatan. Marubutan zamani suna yawan cewa ya dace da awon yau har kusan ba bambanci, amma wannan magana tana bukatar taka-tsantsan, domin ta dogara ne a kan tsawon da aka zaɓa wa kamun da ya yi awo da shi. Shi kansa ya ɗauki aikin a matsayin gwajin awon magabata, ya kuma fifita nasu saboda kayan aikinsu sun fi nasa kyau.

Ya koyi Sanskrit yana babba, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, sa'an nan wajen 1030, shekarar da Mahmud ya rasu, ya kammala Tahƙiƙu ma lil-Hind. Bai ɓoye ba cewa yaƙe-yaƙen ubangidansa sun rusa arzikin ƙasar, sun kori ilimi zuwa Kashmir da Banaras, sun shuka ƙiyayya. A Indiya ya tarar da mutanen da manyan lambobi abincinsu ne. Ya lura cewa Larabawa da sauran al'ummomin da ya sani suna tsayawa a dubu, daga nan sai maimaici, dubun dubu, dubun dubun dubu, alhali Indiyawa suna da suna na musamman ga kowane gurbi har gurbi na goma sha takwas. Ko wannan dogon jeri bai kai ga lambar shaɗaranji ba, wadda ke da gurbi ashirin. Masana falakinsu suna aiki da zangon kalpa mai shekara 4,320,000,000, wanda a lissafin Brahmagupta yake da kwana 1,577,916,450,000, kuma daga irin waɗannan adadi ake fitar da matsayin kowane tauraro. Albiruni ya sake lissafa su da hannunsa, ya gwama littafi da littafi, ya koka da sakacin masu kwafa waɗanda ba sa gwada kwafinsu da na asali, har aikin marubuci ya lalace a juyi ɗaya ko biyu.

Ya kuma bayyana maganin da Indiyawa suka yi wa matsalar. Suna rubuta iliminsu a waƙe, domin karin waƙa yana tona ragi ko ƙari, kuma suna ɓoye alƙaluma cikin kalmomi, wata ya tsaya a madadin ɗaya, idanu a madadin biyu, haka har sama. Albiruni ya ga amfanin hakan, ya kuma ga illarsa, domin larurar kari tana tilasta wa marubuci duhun magana.

A nan ne manazarcin rubutattun waƙoƙin Hausa zai ji yana gida. Ramzin da malaman ƙarni na 19 da magadansu suke rufe waƙa da shi, mai ba da shekarar wallafa, wani lokaci har da adadin baitoci, daga wannan hisabin abjadi ya fito, kuma aikinsa ɗaya ne da na shaidun Albiruni: a ɗaure adadi cikin kalma, a ɗaure kalmar cikin kari da amsa-amo, yadda ba za ta zame cikin sauƙi ba. Sai dai akwai tarko. Albiruni da jerin gabas yake aiki, ƙasar Hausa kuwa jerin Magrib ta gada, kuma haruffa shida ne darajarsu ta bambanta tsakanin jerin biyu. A gabas gain ce 1000, shin kuma 300. A Magrib shin ce 1000, gain 900. Sad a gabas 90 ce, a Magrib 60. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira yakan ƙunshi shin da ra, wato 1200. Wanda ya karanta su da jerin gabas zai sami 500, ya mayar da waƙar baya da shekara ɗari bakwai. Ramzi shaida ne guda ɗaya, kuma inda mai kwafa ya ɗiga ko ya share ɗigo, sai an nemo masa na biyu daga wani kwafi ko daga abin da waƙar ta ambata na zamaninta.

Shekarun ƙarshe

Zamanin Mas'ud ɗan Mahmud ya fi yi wa Albiruni daɗi. Shi ya sadaukar wa Al-Ƙanunul Mas'udi, babban kundinsa na falaki mai maƙala goma sha ɗaya, cike da jadawali. Yaƙut Alhamawi ya ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. Kafin wannan ya rubuta Tahdidu Nihayatil Amakin a 1025, inda ya fitar da matsayin Gazna da alƙiblarta, da At-Tafhim a 1029, littafin koyarwa cikin sigar tambaya da amsa. Wajen 1036 ya tsara jerin littattafan likita Arrazi, ya haɗa da jerin nasa, waɗanda a lokacin sun haura ɗari. Mafi yawansu sun ɓace. Abin da ya iso wannan zamani bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. A zamanin Maudud ɗan Mas'ud ya rubuta Al-Jamahir a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya kawo nauyin kowanne gwargwadon girmansa bisa awon da ya yi da wata butar da ya ƙera don haka.

Littafinsa na ƙarshe, As-Saidana, na magunguna ne, ya rubuta shi ido da kunne sun raunana, da taimakon wani. A gabatarwarsa ya koma kan tsohuwar damuwarsa. Ya yabi Larabci a matsayin harshen da ilimin duniya ya zuba a cikinsa, ya fifita shi a kan Farisanci, ya kuma nuna cewa harshensa na haihuwa, Khawarizmanci, bai dace da ɗaukar ilimi ba. Wannan hukunci ne da masu nazarin harsunan Afirka za su karanta da wani irin ji, musamman da yake harshen nasa ya mutu 'yan ƙarnoni bayansa, aka bar masana suna tsinto shi daga gefen littattafan fiƙihu da ƙamus. Amma duk da yabon, ya ambaci babban aibin rubutun Larabci, wato kamannin haruffa da dogaro a kan ɗigo da wasali, waɗanda in aka yi sakaci da su ma'ana ta tafi, sunayen magunguna na Girkanci su zama abin da ba mai ganewa. Don haka ya jera sunan kowane magani da harsuna da dama, Larabci da Girkanci da Suryananci da Farisanci da na Indiya, kowanne yana tsaron ɗan'uwansa, kamar yadda ya yi wa lambar shaɗaranji shekara hamsin da suka wuce.

Al-Asarul Baƙiya ya tsira. Akwai kwafinsa mai zane-zane na shekarar 1307 a ɗakin karatu na Jami'ar Edinburgh, kuma Bajamushe Eduard Sachau ya buga matanin Larabcin a 1878, fassarar Ingilishi a 1879. Lambar ta iso daidai, kuma kowa na iya gwada alƙalumanta ashirin da gurabenta goma sha ɗaya ya ga sun yi shaidar juna.

Yaƙut ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je gaishe shi yana kan gargarar mutuwa, Albiruni ya nemi ya maimaita masa wata mas'ala ta rabon gadon kakanni mata da suka taɓa tattaunawa. Malamin ya yi nauyin baki saboda halin da ya gan shi, shi kuwa ya nace, aka warware masa, ya haddace. Baƙon bai yi nisa da gidan ba ya ji kuka ya tashi. A Gazna ya rasu. Shekarar da aka daɗe ana ambata ita ce 440 Hijiriyya, watan Rajab, daidai da Disamba 1048, bisa wani rubutu da aka jingina wa almajirinsa. Amma a cikin As-Saidana shi da kansa ya nuna cewa ya haura tamanin, kuma 362 in an ƙara mata 80 ta ba da 442, wato 1050 ko bayanta. Shaidu biyu ne a nan, sun kuma saɓa, shi ya sa littattafan zamani suka rabu, wasu na rubuta 1048, wasu na rubuta bayan 1050.